Daga Gammon Ɗan Dako Zuwa Motar Ɗaga Kaya: Tarihin Raunin Ma'aikaci a Ƙasar Gyaɗa

Kaka biyu da suka wuce, wani tsohon ɗalibina ya dawo gida Guci yana dogara sanda. Yaro ne ƙaƙƙarfa, wanda tun yana aji shida yake taya mahaifinsa ɗora damman gero a amalanke. Da aka gama girbi ya bi abokansa ci-rani kudu da iyaka, ya samu aikin lodi a wani babban sito. Wata safiya yana sunkuye yana ɗaure bakin buhu, motar ɗaga kaya ta yi kwana a bayansa, gindinta ya shafo shi, tayar baya ta taka masa ƙafar hagu. Direban bai gan shi ba, shi ma bai ji zuwanta ba. Mai siton ya biya kuɗin ɗori da kuɗin motar komawa gida, magana ta ƙare a nan. Ba a rubuta takarda ba, ba a sanar da kowane ofishi ba. Da na je dubiya, mahaifinsa ya ce mini: "Mushe, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Na yi shiru, domin gaban majinyaci ba wurin musu ba ne.

Amma maganar ta zauna mini a rai. Na san kakan yaron. Shi ma dako ya yi a zamanin gyaɗa, ya ƙare rayuwarsa da baya a tanƙware. Kaka da jika sana'arsu ɗaya, kuma kowanensu shi da iyalinsa suka ɗauki asarar. A ƙuruciyar kakan dokar da ke kare lebura ba ta riga ta kankama ba. A zamanin jikan akwai ta a Nijar, akwai ta a Najeriya, sai dai shi bai taɓa jin labarinta ba. Wannan ya sa na ga ya dace mu malamai da iyaye mu waiwayi tarihin ɗaukar kaya a yankinmu, mu ga yadda nauyi ya tashi daga kan mutum ya koma kan inji, da irin daɗewar da aka yi kafin a yarda cewa raunin ma'aikaci bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki.

Motar da nake magana a kanta ita ce 'yar gajeruwar nan mai ƙarafa biyu a gaba kamar yatsun cokali, wadda ke zura su ƙarƙashin kaya ta ɗaga sama. A Kano foklif ake ce mata.

Zamanin da jikin mutum ne injin

Kafin zuwan mota, kayan ƙasar Hausa a bayan raƙumi da jaki da takarkari suke tafiya, abin da ya rage kuma a kan mutum. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da 'yan alaro, kowace kasuwa kuma tana da 'yan dakonta. Gammo da igiya ne kayan aikinsu.

Gyaɗa ce ta mai da dako babbar sana'a. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kayan 'yan kasuwa a 1912. Turawan Ingila sun sa rai auduga ce za ta cika taragun, manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Ba a daɗe ba gyaɗar ta fi ƙarfin jirgin, aka riƙa jibge buhuna ana jiran taragu. Daga nan aka samu dalar gyaɗar da ta yi suna, wadda ake dangantawa da Alhaji Alhassan Ɗantata. Dala guda takan ci buhu har 15,000. Wanda ya duba hotunan zamanin zai ga mutane ne ke hawa da buhu a wuya, suna taka buhunan ƙasa kamar matakala har su kai ƙoli.

A wannan gefen iyaka, Faransawa sun ɗora haraji da kuɗi, gyaɗa kuwa ita ke kawo kuɗin. Daga shekarun 1930 ƙasar Magarya da Matamaye da Maraɗi ta zama cibiyar gyaɗar Nijar. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a kasuwannin kaka. Gyaɗar gabas ta Kano take bi zuwa tashar jiragen ruwan Legas. Daga 1953 aka fito da tsarin sufuri mai suna Hirondelle, wanda ke kai wani kaso na gyaɗar ƙasar zuwa Paraku a manyan motoci, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita Kwatano. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikin gyaɗa, kuma a waɗannan shekaru gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga abin da take sayarwa a waje. Girman Magarya a wannan harka ya kai wani mai bincike ɗan Amurka, John Collins, ya yi digirinsa na uku a 1974 a kan cinikin gyaɗar Magarya kaɗai. Masana'antun matse man gyaɗa uku ƙasar ta samu, duka a wannan zirin: SICONIGER a Maraɗi tun 1942, sai ta Matamaye, sannan SEPANI a Magarya wadda ta zo daga baya.

Mu tsaya mu ƙirga sau nawa ake ɗaga buhu ɗaya. Daga gida zuwa sikeli, daga sikeli zuwa mangaza, daga mangaza zuwa mota, daga mota zuwa dala, daga dala zuwa tarago, daga tarago zuwa jirgin ruwa. Kowane ɗagi wuyan wani ne, buhun ɓararriyar gyaɗa kuwa ya haura kilo 70. A kan buhu ake biyan ɗan dako, don haka wanda ya fi gudu shi ya fi samu, wanda ya tsaya hutawa ya rage wa kansa abinci. Raunin wancan zamani a hankali yake zuwa: ciwon baya, ƙaba, gwiwar da ta daina lanƙwasuwa. Wani lokaci kuma buhu ya zame ko ƙafa ta goce daga sama. Lissafin da zamanin ya bar mana na tan ne da farashi. Labarin jikin da ya ɗaga tan ɗin a bakin tsofaffinmu ya rage.

A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zartar da yarjejeniya mai lamba 127 a kan iyakar nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka, shawarar da ta biyo bayanta kuma ta ambaci kilo 55 ga namiji baligi. Yau shekara fiye da hamsin ke nan, amma buhun hatsi mai kilo 100 shi ne ke yawo a wuyan samari daga Maigatari har Dawanau.

Wa zai biya idan an ji rauni?

A Turai ma ba da wannan doka aka fara ba. Masana'antun saƙa na Ingila sun shafe shekaru da dama suna cin yatsu da hannayen yara kafin majalisa ta motsa. Dokar 1833 ta hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙa, ta naɗa sufetoci huɗu kacal ga ƙasar baki ɗaya. Dokar 1844 ta tilasta a kewaye injuna masu haɗari da shinge. Duk da haka, wanda ya ji rauni sai ya je kotu ya tabbatar laifin ubangidansa ne kafin ya samu ko kwabo, abin da lebura ba shi da kuɗin yi.

Jamus ce ta fara sauya wannan a 1884, zamanin Bismarck, da inshorar haɗarin aiki wadda masu kamfanoni ke zuba wa kuɗi. Ingila ta bi a 1897, Faransa ta yi tata dokar ranar 9 ga Afrilu 1898. Tushen dokokin ɗaya ne: wanda ya kafa inji yana cin ribarsa, shi zai ɗauki nauyin ɓarnar da injin ya yi wa ma'aikaci, ko da babu wanda ya yi sakaci da gangan. Da aka mai da rauni abin da ke cin aljihun mai kamfani, sai rigakafi ya zama riba gare shi.

Wannan gata bai tsallako teku da wuri ba. A lokacin da leburan Faransa ke karɓar diyya, kakanninmu aikin tilas suke yi, ana ɗibar su daga ƙauyuka zuwa gyaran hanya da gine-ginen gwamnati da ɗaukar kayan jami'ai. A Najeriya, tsakanin 1942 da 1944, an yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a tudun Jos, inda sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe mutane da yawa. A ƙasashen da Faransa ke mulka sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Daga nan ƙungiyoyin ƙwadago suka miƙe, a Nijar Djibo Bakary na cikin jagororinsu. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma ta Faransa suka yi yajin aikin gama-gari, ranar 15 ga Disamba na wannan shekara aka sa hannu a kundin dokar aiki na ƙasashen renon Faransa. Cikakken tsarin diyya da rigakafin haɗarin aiki kuwa sai a dokar 24 ga Fabrairu 1957 ya zo, kusan shekara 60 bayan na Faransa. A 1965 Nijar mai 'yanci ta kafa asusun CNSS, wanda haɗarin aiki ke cikin rassansa.

Najeriya ta bi irin wannan hanya: dokar diyyar ma'aikata a 1941, dokar masana'antu a 1955, aka sabunta ta a 1987. Abin lura shi ne yawancin waɗannan haƙƙoƙi bayan matsin lamba aka same su, kuma ma'aikacin da sunansa ke rubuce a littafin albashi shi ya fara amfana. Ɗan dakon bakin sikeli, wanda ake sallama da yamma da kuɗin buhunan da ya ɗauka, a waje aka bar shi.

Inda motar ta fito

Motar ɗaga kaya 'yar Amurka ce. A 1906 kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya fara amfani da ƙananan kekuna masu batir don jan kayan fasinja a tashar Altoona. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin Clark da ke jihar Michigan ya ƙera wata 'yar mota mai taya uku don kai kaya daga wannan sashe na masana'antarsa zuwa wancan. Baƙin da suka gan ta suka nemi a ƙera musu irinta. A 1923 kamfanin Yale ya fito da mai cokali da sandar ɗagawa sama, wadda ta kusa kama da ta yau. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa ta, domin sojojin Amurka sun gano cewa in aka ɗaure kaya a kan katakon da cokali ke shiga ƙarƙashinsa, mutum ɗaya da mota zai yi aikin tarin leburori. A 1956 Malcom McLean ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, daga nan kwantena da katakon lodi da motar ɗaga kaya suka zama tsarin da kasuwancin duniya ke tafiya a kai. A Faransa har yau mutane kan kira motar Fenwick, da sunan kamfanin da ya fara ƙera ta a can.

Motar ta sauƙaƙa wa baya da wuya, wannan gaskiya ne. Sai dai ta zo da nata irin rauni, wanda ba ya jiran tsufa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ƙirga mutum 1,021 da suka mutu a haɗarin wannan mota tsakanin 1980 da 1994. Kashi 22 cikin ɗari kifewar motar ce ta kashe su, kashi 20 masu tafiya a ƙasa ne ta buge, kashi 16 matse su ta yi, kashi 9 kuma faɗowa suka yi daga kanta. Irin wannan ƙidaya ce ta sa a ƙarshen 1998 Amurka ta tilasta wa kowane kamfani ya horar da direbansa, ya kuma sake gwada shi duk shekara uku. Yaron da bai kai 18 ba doka ta hana shi tuƙa ta a masana'anta. A Faransa ma direba sai da rubutaccen izinin mai kamfani, kuma takardar gwajin da ake kira CACES shekara biyar take yi a sake ta. Sun kai ga waɗannan dokoki ne saboda sun rubuta kowane haɗari, sun ga inda yake maimaita kansa.

Gyaɗa ta faɗi, ci-rani ya ƙaru

Farin 1973 da 1974, da cutar kuturtar gyaɗa da ta biyo baya a 1975, sun karya noman gyaɗar fitarwa a Nijar da arewacin Najeriya lokaci guda. Dalar Kano ta ɓace. Masana'antun man gyaɗa suka rasa abin matsewa, ta Magarya ta yi shiru. Najeriya ta koma kan man fetur, Nijar ta koma kan yuraniyom ɗin Arlit da aka fara haƙa a 1971. Samarin Magarya da Dungas da Guci da Malawa da Dogo-Dogo, waɗanda iyayensu ke samun kuɗin rani a bakin sikelin garinsu, sai suka ƙara nisan tafiya: Kano, Kaduna, Legas, wasu Agadas da abin da ke bayanta.

Wuraren da suke samun aiki a yau su ne inda motar ta riga su isa. Akwai ta a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da sito-siton da ke tara riɗi da zoɓo don fitarwa waje, da tashar jiragen ruwan Apapa, da tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a Kano a farkon 2023. A jiharmu ma akwai matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram tun Nuwamban 2011, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Duk inda kwantena ta sauka, motar na biye da ita.

Akwai wani bambanci da ya kamata a fahimta. A Turai da Amurka motar ta maye gurbin ɗan dako, har aka wayi gari mutanen da ke tafiya a ƙasa cikin sito kaɗan ne, kuma an shata musu hanyarsu da fenti ko shinge. A wurinmu motar ta zo ta tarar da ɗan dako bai tafi ba, domin ƙwadagonsa na da araha. Sai ka ga fili ɗaya, mota na kai da komo da lodin tan biyu, samari ashirin na gudu da buhu a wuya, kansu a sunkuye, ba sa ganin gefe. Tsohon tsari da sabo sun haɗu a ƙofa ɗaya, kuma a wannan ƙofar ce ƙafar ɗalibina ta tafi.

Yadda motar ke yin ɓarna

Yaron ƙauye ya saba da amalanke da babur da motar kasuwa, kuma duk abin da ya koya a kansu yana iya yaudararsa a nan. Da farko, ƙanƙantarta ruɗi ce. Wadda ke ɗaga tan biyu da rabi ita kanta ta kusa tan 4, saboda an cika gindinta da dunƙulen ƙarfe don ya rinjayi kayan da ke gaba. Ko a hankali take tafiya, ƙafar da ta taka sai ta niƙe.

Na biyu, da tayun baya take yin kwana. Motar da muka sani gabanta ke juyawa, baya ya bi. Wannan kuwa gabanta kan tsaya kusan wuri ɗaya, gindin ya yi shara zuwa waje da sauri. Mutumin da ya raɓe a bayanta ko ya tsaya tsakaninta da bango, yana ganin ya ba ta hanya, shi ne ya shiga tarko.

Na uku, direban ba ya gani sosai. Sandunan ɗagawa na gabansa, kayan kuma in sun yi tsawo sun rufe masa hanya. Ƙa'ida ita ce a irin wannan hali ya yi tafiya da baya yana waige, ya danna oda a kowace kwana da bakin ƙofa. Mai batir kuwa kusan ba ta da ƙara, ga hayaniyar injuna, ga abin sauraren waƙa da samarinmu ke toshe kunne da shi.

Na huɗu, kifewa. Motar sikeli ce: tayun gaba su ne tsakiyar ma'auni, kaya a hannu ɗaya, dunƙulen ƙarfe a ɗaya hannun. In kayan sun wuce abin da aka rubuta a farantin jikinta, ko an ture su can bakin cokali, gaba zai rinjaya. In an ɗaga su sama ana tafiya, kwana ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya kwantar da ita gefe. Shi ya sa ake tafiya da cokali a ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe. In ta tashi kifewa, zuciya kan ce wa direba ya yi tsalle, kuma a nan ne rufin ƙarfen ke danne shi. Abin da ake koyarwa shi ne ya ɗaura bel tun farko, ya riƙe sitiyari, ya toƙare ƙafafu, ya karkata jikinsa sabanin inda take faɗuwa.

Sauran haɗarin ganganci ne da aka mai da al'ada: a ɗauki aboki a gefe, a ɗaga mutum a kan cokali ya gyara fitila, a ratsa ƙarƙashin kayan da ke sama don rage hanya, ko yaron mota ya ɗauki makulli ya koyi tuƙi lokacin da direba ya tafi cin abinci.

Abin da doka ta ce a yau

A Nijar kundin dokar aiki na yanzu shi ne na 25 ga Satumba 2012. Ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiya da rayuwar ma'aikatansa, ya kuma hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Kuɗin reshen haɗarin aiki na CNSS mai ba da aiki kaɗai ke zuba shi, ba a yanka daga albashin ma'aikaci. In haɗari ya faru, mai ba da aiki ne doka ta ce ya kai rahoto cikin sa'o'i 48. Asusun kan ɗauki nauyin magani, ya biya kuɗin kwanakin jinya, in naƙasa ta dawwama kuma akwai kuɗin da ake ci gaba da biya.

A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta sa kowane mai ba da aiki ya zuba aƙalla kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya. Abin da ya fi shafar 'yan ci-rani shi ne ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo da na aikin yini. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da ubangida cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da shi. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce duk haɗarin da ya kashe mutum, ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, a kai rahotonsa ga sufeto.

Kowa ya san tsakanin takarda da sito akwai nisa. Yawancin 'yan lodi ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukar su, ba rajista, ba kati, sufetoci kuma ba su kai yawan wuraren aiki ba. ILO ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara a duniya saboda haɗari da cututtukan aiki. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa a ko'ina doka kan yi barci har sai waɗanda aka yi ta dominsu sun san ta sun tashe ta.

Rabon malamai da iyaye

Malamai, ba ma buƙatar sabuwar manhaja. Darasin ma'auni da nauyi yana cikin abin da muke koyarwa. Da 'yar rula da dutse biyu da fensir a tsakiya za a nuna wa ɗan aji shida abin da ke kifar da motar ɗaga kaya. A darasin tarihi, in mun zo kan gyaɗa da SONARA, mu gayyaci tsohon da ya yi dako ya ba yara labarin bayansa. A darasin zama ɗan ƙasa mu ambaci CNSS da ofishin sufeton ƙwadago kamar yadda muke ambaton ofishin magajin gari. Ranar 28 ga Afrilu ita ce ranar lafiya da tsaro a wurin aiki ta duniya, kuma ta faɗo cikin shekarar karatu. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke ƙananan hukumominmu su ma wuri ne da ya dace a koyar da wannan kafin a ba yaro guduma ko walda.

Akwai ƙa'idoji da ya kamata kowane yaro ya haddace kafin ya bar gida. Kada ya ratsa gaban motar ko bayanta sai sun haɗa ido da direba. Kada ya tsaya tsakaninta da bango ko jibgin kaya. Kada ya shiga ƙarƙashin cokali, ko da kaya ko babu. Kada ya hau ta in ba shi ne direban da aka horar ba. Ya cire abin kunne, ya bar silifa ya nemi takalmi rufaffe, in da hali mai ƙarfe a baki.

Iyaye, mukan tambayi ɗa wace mota zai hau da gidan wa zai sauka. Mu ƙara da waɗannan: wane ne zai ɗauke ka aiki, mene ne sunan wurin, ana rubuta sunanka a littafi? Ya tafi da takardar haihuwa da katin shaida. In wani abu ya faru, a kai shi asibiti kafin a nemi mai ɗori, domin takardar likita ce hujjar farko. Abokan tafiyarsa su ɗauki hoton wurin da waya, su riƙe sunayen waɗanda suka gani da ranar da abin ya faru. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kuɗin magani da ubangida ya bayar a karɓa da godiya, amma a sani ba shi ne ƙarshen haƙƙi ba. Kuma mu bar yara su kai inda za su iya karanta farantin da ke jikin inji da takardar da aka miƙo musu, domin wanda ya iya wannan shi ake horarwa ya zauna a kujerar direba.

Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana manomi kewaye rijiyarsa don kada yaro ya faɗa ba. Hanyar masu tafiya da aka shata a sito, da odar da ke aiki, da direban da aka koyar, duk irin wannan kewayen ne.

Ɗalibin nawa yanzu yana zaune a kasuwa yana awon hatsi, ƙafar ta warke a karkace. Ƙanensa na ajina bana, kuma ya riga ya faɗa mini in an yi girbi zai bi 'yan unguwarsu. Ba ni da ikon hana shi, gonar gidansu ba ta kai su shekara. Makon jiya dai na tsayar da shi bayan an tashi, na zana masa motar a allo, na nuna masa inda gindinta ke bi in ta yi kwana, na sa ya rubuta kwana 14 da shekara ɗaya a bayan littafinsa. Allah ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya dawo mana da su da ƙafafunsu.